Baƙaƙen Duwatsun Inna Barakatu

Kafin rana ta ɗago a kan gadar Gaya, Inna Barakatu ta riga ta dawo daga gindin magaryar bayan masallaci, bakin zanenta cike da ganye. Takan shanya shi a faifai, sannan ta buɗe ƙaramin akwatinta na ƙarfe ta duba kafur da sabulu da almakashi da fararen tsummokin da take naɗewa a hannu. In komi ya cika, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta zauna da tasbaha. Ba ta karin kumallo sai hantsi ya yi sosai, don ba ta san gidan da zai aiko ba, kuma ta ce ba a shiga wurin gawa da cikakken ciki. Shekara talatin da huɗu ta yi tana wannan zama. Macen da ta rasu a wannan gefen na Malanville, ko da Hausa ta yi rayuwarta ko da harshen Dendi, hannun Inna ne na ƙarshe da ke taɓa ta.

Ban da wanka, abu biyu anka san ta da su. Na farko bakinta. Abin da ta gani a jikin mamaciya, ko tabo ne ko rauni, ba wanda ya taɓa jin shi, har ɗiyarta Safi da suke kwana ɗaki ɗaya. Na biyu kuwa tausayin matan da mazansu sunka rasu. Mace in ta fita takaba ba ta da mai ci da ita, Inna za ta je ta kama hannunta ta kai ta mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya na Alhaji Na-Allah, babban ɗan kasuwar gyaɗa, inda mata ke zama a kan tabarmi suna tsince gyaɗar da za a ɗora a mota zuwa kudu. Mai kyau a zuba a buhu, wadda ta yi baƙi ko ta motse ko ta yi funfuna a jefa a ƙwarya. Bisa al'ada wannan ta ƙwarya ta matan ce, suna ce mata ladan yatsa. Su kai gida su soya, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, su kaɗa miya. Gidaje da yawa da ita sunka rayu, kuma Inna anka riƙa sa wa albarka.

Akwai abu na uku da Safi kaɗai ta sani. Duk wadda Inna ta wanke, in ta dawo gida takan jefa ɗan dutsen kogi a cikin wani tsohon masaki da ke ƙarƙashin gado. Ran Juma'a ta ɗebo tana yi wa matan addu'a, wadda sunanta ya kuɓuce mata ta ce Allah Ya san ta. In mamaciyar ta tafi da kumburarren ciki, irin wanda sai an ƙara yadi a likkafani, sai Inna ta zaɓi baƙin dutse, don ta riƙa ninka mata addu'a tun da ta ga wahalar da ta sha. Ba ta taɓa ƙirga su ba. Ta ce ba a ƙirga matattu.

A shekarar 1982, zamanin mulkin soja da ake kiran kowa kamarad, har liman in ya shiga biro, wato ofishin gwamnati, wata farar mota ta tsaya a gidan likita. Likitoci uku sunka fito: ɗaya daga Kwatano, ɗaya daga Sakkwato, da wata matashiya daga Yamai mai suna Habsatou. Aiki ne na haɗin gwiwa, suna binciken ciwon hanta da ciwon suga a garuruwan bakin kogi, wannan gaɓa da waccan. Sunka riƙa auna nauyin mutane, su danna ƙasan haƙarƙari na dama, su ɗebi jini da fitsari a 'yan kwalabe. Masu ƙiba na kasuwa sun zo, an samu suga ga wasu, har da Alhaji Na-Allah, wanda anka ce masa kitse ya lulluɓe masa hanta, ya rage shinkafa da shayi. Amma masu mugun ciwon da sunka zo nema ba su gan su ba. Littafin gidan likita ya nuna mutum huɗu kawai a shekara biyar.

Issaka, mai yin allura a wurin, shi ne ya ce musu: "Masu wanga ciwo ba su zuwa nan. Gida suke kwanciya, su rasu da hantsi, a rufe su kafin la'asar, babu takarda. Na maza ban san wanda zai gaya muku ba, tsohon da ke wanke su ya rasu bara. Na mata akwai Inna Barakatu. Amma ba za ta yi magana ba."

Habsatou ta zo gidan Inna da goro, ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa. Safi tana gefe tana tsince shinkafa, a bakinta anka ji yadda maganar ta kasance.

"Inna, ba suna nake so ba. Adadi kawai. Mata nawa kika wanke da ciwon hanta?"

"Ɗiyata, kin taɓa yin wanka a gaban mutum?"

"A'a, Inna."

"To, su ma ba su taɓa ba, sai a gabana. Kuma ba su da bakin da za su ce mini kar in faɗa."

Habsatou ba ta yi gardama ba. Ta dai faɗi abin da suke nema, a hankali: ciki kamar na wata tara ga macen da ta daina haihuwa, hannuwa kamar kara, ƙafafu a kumbure, ido ya koma launin ɗorawa. Ta ce suna zaton akwai abin da ke kawo shi, kuma in an san shi za a iya tare shi. Safi ta ce tasbahar Inna ta tsaya cak a hannunta, amma ba ta ce komi ba sai "Ki gaida gida."

Bayan la'asar Inna ta jawo masakin ta juye shi a tabarma. Ta ware baƙaƙen gefe guda, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Tun shekara bakwai da ta fara ware su, ashirin da tara ne. Ta sake ƙirgawa, ashirin da tara. Ita da kanta ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, wannan da damina, waccan da rani, kowace ta ce mata kwana ne ya ƙare. Ba ta taɓa ganin su tare ba sai ranar. Ta zauna tana kallon su har anka kira magariba ba ta yi alwala ba.

Washegari ta je wurin Liman Atiku.

"Malam, in na yi magana na ci amana?"

"Aibi anka hana ki faɗa, kuma ciwo ba aibi ba ne. Amma jikin ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ki tahi ga masu shi ki nemi izini."

"Gida ashirin da tara, Malam."

"Ƙafa gare ki, Barakatu."

Haka ta fara, gida-gida. A wani wurin a yi kuka a ce ta faɗa. A wani wurin a yi shiru har ta tashi. A gidan Ɗan'iya masunci, wanda matarsa ta farko ta rasu shekara uku kafin nan, ko tabarma ba a ba ta ba.

"Yau ciki, gobe mi?" in ji shi. "Gobe ki gaya wa soja tabon da ke cinyarta? Mun ba ki ita tsirara don mun ce ke ba ki da baki. Ashe ajiya kike yi."

Zamanin ba na yarda da takarda ba ne. Mutum ya ga an rubuta sunansa a biro, ba ya barci. Cikin mako guda magana ta cika unguwa cewa Barakatu tana kai wa gwamnati asirin matattu. Har Marka, aminiyarta tun suna 'yan mata, wadda ita ce babba a cikin matan mangaza, ta tare ta a hanyar kasuwa tana dariya.

"Kamarad Barakatu, yaushe za a ba ki hula da bindiga? In na mutu ki rufa mini asiri, haƙorana uku ne na gaskiya."

"Ke mutuwa ma tsoron bakinki take yi," in ji Inna. Amma ta lura da idon Marka, kuma ba ta ji daɗin abin da ta gani ba.

Gida ashirin da biyu sunka yarda, bakwai sunka ƙi, kuma bakwai ɗin nan har yau ba wanda ya san su daga bakinta. Amma daga wannan wata kira ya ɗauke. Tana ɗebo ganyen magarya, tana duba akwati, tana zama da yunwa har hantsi, ba mai sallama. Wata tsohuwa ta rasu a gida na uku daga nata, anka tura keke har ƙauyen Garou anka ɗauko mai wanka. Inna tana tsaye a bayan danga makarar ta wuce. Wata da watanni tana haka.

A cikin wannan hali ta je gidan likita ta zauna gaban likitocin uku, duwatsu ashirin da biyu a ƙulle a bakin zane. Su kansu ba su daidaita ba. Na Kwatano ya fi zargin ruwan kogi, na Sakkwato ya ce cutar shawara ce da ke ɓuya a jini, Habsatou tana son jin abin da ake ci. Sunka ce ta ba su labarin kowace yadda ta san ta. Ta ɗauki dutse na farko.

"Wagga Hawa ce. Mijinta ya nutse da damina. Da ta fita takaba na kai ta mangaza. Shekara shida ta yi."

Ta aje, ta ɗauki wani.

"Aishatu. Ɗiya biyar ya bar mata, babu gona. Na kai ta mangaza."

Na uku matar mahauci ce, ita ba ta taɓa aikin waje ba. Na huɗu, na biyar, na shida. Likitan Sakkwato, wanda ke jin maganarta ba tare da tafinta ba, ya aje alƙalami.

"Inna, sau nawa kika ce mangaza?"

Ta dube shi. Ta dubi duwatsun da ke hannunta. Ba ta jira sun tambaye ta sauran ba, ta fara raba su da kanta a kan tebur, waɗanda ta kai nan, waɗanda ba ta kai ba can. Goma sha bakwai da biyar. Habsatou ta tambaya a hankali me matan ke samu a wurin, Inna ta ce ladan yatsa, ta faɗi yadda gyaɗar take da yadda ake cin ta kullum, shekara da shekaru. Likitocin sunka dubi juna. Issaka, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a zama ɗaya ba sai ranar.

"Ni na kama hannunsu," in ji Inna. "Ni na kai su."

Anka ɗebi gyaɗar da ƙuli-ƙulinta anka aika inda ake da na'urar dubawa. Bayan wata biyu amsa ta zo. Akwai dafi a cikin funfunar, wanda suya ba ta kashe shi. Habsatou ba ta ɓoye wa Inna komi ba, kuma ba ta ƙara gishiri ba. Ta ce mutane da yawa a nan suna ɗauke da cutar shawara a jini ba su sani ba, kuma ba za a ce gyaɗar kaɗai ce ta kashe kowace ba. Amma in cutar ta haɗu da dafin, hanta ba ta daɗewa.

Delege, wato wakilin gwamnati a unguwa, ya tara matan a mangaza. Likitan Kwatano ya yi bayani da Faransanci, tafinta ya juya da Dendi, wani ya juya da Hausa. Kafin maganar ta iso ƙarshen tabarma ta rame. Matan sunka ci gaba da tsinta.

"Tun kakanninmu ake cin ta," in ji Marka. "Ku ce mana Alhaji ne ke son ya sayar wa masu kaji. Shi an hana shi farar shinkafa, mu kuma za a hana mu baƙar gyaɗa, sai a bar garin ga 'yan azumi."

Anka yi dariya. Inna Barakatu, wadda ba wanda ya gayyace ta, ta taso daga bayan buhuna. Wasu matan sunka janye zannuwansu da ta wuce. Ta durƙusa a tsakiya ta kwance bakin zanenta, ta fara aje duwatsun a kan tabarma, kowane a daidai inda mai shi ke zama da ranta.

"Hawa nan take zama, kusa da ƙofa, don ba ta son ƙura. Aishatu nan. Gambo nan, tana jingina da wanga ginshiƙi."

Dariyar ta mutu. Matar da ke zaune a wurin Gambo ta ja jiki baya. Inna ta ci gaba har goma sha bakwai, ba ta faɗi komi game da jikin kowa ba sai suna da wurin zama. Da ta gama, tabarmar ta cika da mata biyu-biyu, rayayya da dutse.

"Iyalansu sun ba ni izini," in ji ta. "Dukansu da kumburin ciki iri ɗaya sunka tahi, kuma dukansu ni na kawo su nan. Ku ma da yawanku ni na kawo ku. Na ɗauka alheri nake yi. Ku ce kar in ƙara taɓa gawarku, na yarda. Amma kar ku kai wagga ƙwarya gida yau."

Marka ta daɗe tana kallon dutsen da ke gefenta. Sannan ta ɗaga kai ta ce, ba da wasa ba a wannan karo:

"Barakatu, kin duba idona ran nan a kasuwa."

"Na duba."

"Kin gani?"

"Na gani, Marka."

Marka ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki ƙwaryarta, ta fita waje ta juye ta a ƙasa. Ta ce a kawo mata ashana. Sauran sunka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Na-Allah yana tsaye hula a hannu, yana ta maimaita cewa shi sadaka ya ɗauka yake yi, shekara ashirin. Kafin hayaƙin ya kwanta ya ce daga ranar ladan yatsa tiya ce daga cikin buhun mai kyau, kuma ya cika alkawari. Likitocin sunka koya wa matan yadda za a busar da gyaɗa da masara sosai kafin a zuba rumbu, matan sunka kai maganar garuruwan Madécali da Guéné da bakinsu, a wurin suna da biki.

Marka ba ta warke ba. Wata goma ta ƙara. Ranar da ta rasu, ƙanenta ya riga ya ɗauko keke zai tafi Garou, sai ɗiyarta ta tare shi ta ce tsohuwa ta bar wasiyya, a gaban shaidu biyu: "Barakatu za ta wanke ni. In ta ga abin da zai amfani wata, ta faɗa." Inna ta shiga da akwatinta, ta fito bayan sa'a guda, ta koma gida ta zaɓi baƙin dutse. Daga wannan rana kira ya dawo. Har Ɗan'iya, da uwarsa ta cika, da ƙafarsa ya zo ya tsaya a ƙofa yana murza hula, Inna ta ɗauki akwati ta ce masa su tafi.

Bayan shekara biyu Habsatou ta aiko da littafin binciken, da Faransanci. Sunayen likitoci uku suna kan bango. A ciki, can ƙasan wani shafi, an gode wa "wata dattijuwa ta garin". Safi ta karanta mata. Inna ta ce hakan ya yi, ta sa littafin a ƙarƙashin masaki don kar tururuwa su hau.

Inna, ke ce kika tsaya a gaban mata arba'in kika ce ni ce, alhali ba wanda ya tuhume ki. Ke ce kika taka gida ashirin da tara neman izinin waɗanda ba su da bakin hanawa, kika riƙe bakwai ɗin da sunka ƙi har yau. Mai wanke mutum ta rufa masa asiri, ashe kin san inda asiri ya ƙare da inda rai ya fara. Akwai mata a mangaza yanzu da ke goya jikoki, ba su san cewa wurin zamansu ya kusa zama dutse ba.

Bana gwiwoyinta sun ƙi durƙuso, ta miƙa wa Safi akwatin ƙarfe da masakin. Mun gode, Inna. Allah Ya ba ki lafiyar da kika nema wa wasu, Ya sa ranar da za a wanke ki a samu hannu mai amana irin naki. Ku kuma masu aikin da ba a gani, ungozoma da mai haƙa kabari da mai sharar gidan likita, abin da kuke gani kullum har ya zama muku ba komi ba, ku tsaya wata rana ku tara shi wuri ɗaya ku duba. In masu bincike sun zo, kar ku rufe musu ƙofa, kar kuma ku ba su abin da ba naku ba sai da izini.

Ran da ta miƙa masakin, Safi ta tambaye ta ko ta ɗebo baƙaƙen duwatsu da yawa daga kogi ta tara a wata ƙwarya daban, don kar su ƙare mata. Inna ta ce a shekara ukun nan biyu kawai ta ɗauka.

"Ɗebi kaɗan," in ji ta. "Amma ki riƙa ƙirgawa."